Hannun da Ya Ƙage: Darasi a Kan Allurar Sassauta Tsoka ga Dattawan da Suka Tashi da Raunin Ƙwaƙwalwa



Kowace shekara, ranar 11 ga Fabrairu, ranar tunawa da Uwarmu Maryamu ta Lourdes, Ikkilisiya takan kiyaye Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992. A ranar mukan tuna da waɗanda ke kwance a asibiti da waɗanda haɗari ko zazzaɓi ya kayar. Amma akwai wasu 'yan'uwanmu da ba safai tunaninmu yake kaiwa gare su ba, gama ciwonsu ba na yau ba ne, idanunmu kuwa sun saba da su har mun daina lura. Su ne waɗanda suka tashi tun suna jarirai da gaɓoɓi ƙagaggu, suka yi ta fama da su har furfura ta fito. Darasinmu na wannan wata a kansu yake, da kuma a kan wata allura da labarinta ya soma shiga gidajenmu ta bakin 'ya'yanmu ma'aikatan asibiti da waɗanda suke ƙasashen waje, watau allurar da take sassauta tsokar da ta ƙage. Iyalai sukan yi tambaya biyu a kanta: ko tana warkar da ciwon, da kuma ko sun yi zunubi idan ba su iya saya wa dattijonsu ita ba. Amsar duka biyun a'a ce, sai dai kowace a'a tana bukatar bayani.

Lalurar da muke magana a kanta

Likitoci suna kiranta serebral palsi. Ma'anarta ita ce rauni ya sami ƙwaƙwalwar yaro tun tana cikin ginuwa, ko yana cikin uwa, ko wajen haihuwa, ko cikin shekarunsa na fari, har sashen da yake ba gaɓoɓi umarni ya kasa yin aikinsa daidai. A ƙasashenmu manyan dalilanta sanannu ne: doguwar naƙuda wadda jariri yakan fito bai yi kuka ba domin numfashi ya yanke masa, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da haihuwar bakwaini. Wani likitan ƙashi na birnin Landan mai suna William John Little, wanda shi kansa ya tashi da naƙasa a ƙafa, shi ne ya gabatar da cikakken bayaninta a gaban 'yan'uwansa likitoci a 1861, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa. A ƙasashe masu arziki akan sami kimanin yara 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa. A ƙasashe matalauta adadin ya fi haka.

Kada mu haɗa ta da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce da take kama laka, ƙafar ta saki, ta yi laushi, ta motse. A nan kuwa akasin haka ne ga mafi yawansu, kimanin 8 cikin 10: tsoka takan ɗaure ta ƙi sakewa. Dalili shi ne, Allah ya yi jikinmu yadda laka take da halin janye tsoka da zarar an miƙe ta, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce take riƙe da linzami domin kada janyewar ta wuce kima. Sa'ad da linzamin ya tsinke, tsoka takan yi ta janyewa ba mai tsawata mata, kuma gwargwadon saurin da ka ja gaɓar, gwargwadon ƙarfin da za ta yi maka gardama. Shi ya sa muke ganin gwiwar hannu a lanƙwashe, babban yatsa a nutse cikin tafi, cinyoyi sun gitta juna kamar almakashi, mutum yana tafiya a kan yatsun ƙafa diddigensa bai taɓa ƙasa ba. Akwai kuma waɗansu da jikinsu yake murɗawa yana motsi ba da sonsu ba.

Mutanenmu sukan kira irin waɗannan yara galahanga, wasu ma su ce ɗan ruwa ne, ko su ɗora wa uwar laifi. Ubangijinmu ya riga ya rufe wannan ƙofa a sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, inda almajirai suka nemi su san zunubin wane ne ya sa aka haifi mutum makaho, ya kuwa wanke mutumin da iyayensa gaba ɗaya. Sai mu ƙara da cewa da yawa daga cikin masu wannan lalura hankalinsu cikakke ne. Harshe ne ya yi nauyi, domin shi ma tsoka ne.

Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Jikin da ya ɗauke shi ne yake saurin gajiya. Mutumin da ya yi shekara 50 yana jan ƙafa, kowane taki yana cin ƙarfin da ya ninka na ɗan'uwansa, lalle mahaɗin ƙugunsa da gwiwarsa da bayansa za su riga na tsaransa lalacewa. Da yawa sukan soma rasa tafiyarsu tun suna cikin shekaru 30 zuwa 40, ciwo ya zama abokin kwana da tashi. A daidai wannan lokaci ne kuma iyayen da suka san yadda ake lallaɓa hannun a buɗe shi suke rasuwa, hidimar ta faɗa wa ƙanwa, ko matar ɗan'uwa, ko jika 'yar makaranta. Wannan ne ya sa batun ƙagewar tsoka, wanda aka zauna da shi shekara da shekaru, yakan zama matsalar gida rana ɗaya.

Kafin kowa ya ambaci allura, akwai abin da ya kamata a fara dubawa. Idan ƙagewar ta ƙaru farat ɗaya, sau da yawa wani abu ne yake tsikarin jiki: ciwon sanyi a mafitsara, taurin bayan gida, gyambon kwanciya, farcen da ya shiga nama, haƙorin da yake ciwo, takalmin da ya matse, ko sanyin hunturu. A yi maganin wannan, sai ka ga tsokar ta koma yadda take. Idan kuma dattijo, musamman mai murɗewar wuya, ya soma rasa ƙarfin hannu, ko yana faɗuwa fiye da da, ko fitsari yana kufce masa alhali ba halinsa ba ne, kada a ce tsufa ne. Mai yiwuwa ƙashin wuya ne yake danne laka, wannan kuwa aikin likitan jijiya ne cikin gaggawa, ba allurar da za ta gyara shi.

Daga guba zuwa magani

Maganin da ake sa wa cikin allurar guba ce, kuma tana cikin mafiya ƙarfin gubar da ɗan Adam ya sani. Wata ƙwayar cuta ce take fitar da ita a cikin abincin da aka rufe ba iska. Tsakanin 1817 da 1822 wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya rubuta bayanin mutanen kudancin Jamus da suke mutuwa bayan sun ci naman da aka cusa cikin hanji aka kyafe: idanunsu su sauko, haɗiya ta gagare su, ƙarshe numfashi ya tsaya. Tun a lokacin ya yi tunanin cewa ɗan kaɗan daga wannan guba zai iya kwantar da jijiyar da ta cika motsi. A 1895 wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam suka ci naman alade mai gishiri bayan wata jana'iza, uku suka mutu, a cikin ragowar naman ne Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar. Duk wanda ya sha wahalar Latin a seminari zai gane sunan da aka ba ta, botulinum, gama daga kalmar da Romawa suke kiran wancan naman hanji aka ciro shi.

Wani likitan ido na San Francisco a Amurka, Alan Scott, shi ne ya fara yi wa mutane allurarta a ƙarshen shekarun 1970 domin gyaran harara-garke. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin ciwon ido a 1989. A 1993 likitan ƙashi Andrew Koman da abokan aikinsa suka buga sakamakon yin ta ga yara masu serebral palsi. Hukumar ta amince da samfurin Botox domin ƙagewar hannun manya a 2010, domin ƙafa kuma a 2016. Mafi yawan mutane sun san sunan ne ta wajen masu goge tamojin fuska, wanda aka amince da shi a 2002, har wasu masu ibada suna ƙyamar maganin saboda haka. Ba dalili. Littafin Sirak, sura ta 38, ya koya mana mu girmama likita, ya kuma nuna cewa daga ƙasa Ubangiji ya fitar da magunguna, mai hankali ba ya rena su. Yadda wani ya yi ado da abu ba ya hana wani samun sauƙi da shi.

Ga yadda take aiki. A inda jijiyar saƙo take saduwa da tsoka, jijiyar takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne yake ce wa tsoka ta janye. Allurar takan toshe bakin jijiyar ta hana sinadarin fita, sai tsokar da aka yi wa ta yi rauni, ta saki. Ba ta zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta taɓa raunin da ke can, saboda haka ba warkarwa take yi ba. Akan soma ganin aikinta bayan 'yan kwanaki, ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin mako 4 zuwa 6, sa'an nan ya yi ta raguwa yayin da jijiyar take farfaɗowa, har ya ƙare wajen wata 3 zuwa 4. Ba a maimaita ta kafin mako 12. Akwai kuma iyakar abin da jiki zai ɗauka: takardar Botox ta ce kada babban mutum ya wuce awo 400 cikin wata 3. Awon kowane kamfani dabam yake, na Botox ba ɗaya yake da na Dysport ko Xeomin ba, kuskure a nan kuwa yana iya kisa. Saboda wannan iyaka, ba a iya yi wa jiki duka. Maganin 'yan tsokoki ne da aka zaɓa, kuma gwanin likita yakan nemi tsokar da na'urar hoto ko da ɗan lantarki domin kada ya zuba maganin a inda ba a so.

Hukumar NICE ta Ingila, a cikin jagorar da ta fitar a 2019 domin manya masu wannan lalura, ta ajiye allurar a wannan matsayi: ƙagewar da ta taru a wuri ɗaya, wadda take kawo ciwo, ko take hana aiki, ko take wahalar da masu hidima. Ya kamata kuma mu sani cewa mafi yawan binciken da aka yi a kan yara ne da kuma manyan da suka sami shanyewar ɓarin jiki. Da wannan ilmi likita yake auna dattijo mai serebral palsi, shi ya sa likitan kirki yakan fara da kaɗan.

Me ake so gaɓar ta yi?

Nan ne zuciyar darasinmu. Sassauta tsoka ba shi ne buri ba. Burin shi ne abin da sassaucin zai ba mutum damar yi. A ɗauki misalin dattijuwa wadda yatsunta suka dunƙule shekara da shekaru, farce yana huda tafin hannu, gumi yana taruwa, fata tana ruɓewa tana wari, mai yi mata wanka kuwa sai ta sa ƙarfi dattijuwar tana kuka. Idan allura ta sa yatsun suka buɗe har aka iya wanke tafin aka yanke farce ba hawaye, an ci riba babba, ko da hannun bai taɓa riƙe cokali ba. Haka yake ga wanda cinyoyinsa suka manne har tsarki ya gagara, da wanda hannunsa ya liƙe da haƙarƙari ba a iya wanke hammata ko sa riga, da wanda fizgar tsoka take tashe shi da dare. Irin waɗannan su ne wuraren da allurar ta fi cika alkawari. Wanda ya je da begen cewa dattijon da ya yi shekara 20 a keke zai tashi ya yi tafiya, zai dawo da baƙin ciki da aljihu wofi.

Akwai kuma gaɓar da allura ba ta da iko a kanta. Idan tsoka ta daɗe a ɗaure, takan gajarce ta zama kamar igiya, mahaɗin ƙashin ma ya daskare. Gaɓar da ba ta miƙewa ko mutum yana barci mai nauyi ta riga ta wuce batun saƙon jijiya. Ga tsofaffi wannan ya yi yawa ƙwarai, kuma likita mai gaskiya zai faɗa wa iyali haka maimakon ya karɓi kuɗinsu.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, wani lokaci ƙagewar ita ce sandar da mutum yake dogarawa. A ƙarƙashin tsokar da ta ɗaure akwai rauni, tsufa kuma yana ƙara cinye naman jiki. Wani dattijo taurin cinyarsa ne kaɗai yake tsayar da shi har ya juya daga gado zuwa kujera, ko ya tsuguna ya tashi a bayan gida. A sassauta masa wannan tsoka, sai gwiwa ta lanƙwashe, ya faɗi, ƙashinsa kuwa ba shi da ƙwari, ƙugu ya karye, wanda jiya yake kai kansa makewayi ya zama na kwance. Garin neman gira an rasa ido. An kuma lura cewa tsokar da ake yi wa allurar a kai a kai takan rame. Domin haka ƙafar dattijo mai tafiya ta fi hannu bukatar dogon nazari, kuma wajibi ne likitan gashin ƙashi, wanda muke ce wa fisiyo, ya ga yadda mutumin yake tsayawa da tafiya kafin a taɓa shi.

Wa zai faɗi burin? Mai jikin. Mun saba mu tsaya a kan mai nauyin harshe muna magana a kansa kamar ba ya wurin, likita ya tambayi ƙanensa, ƙanen ya amsa, a gama shawara shi yana kallo. A sura ta 10 ta Bisharar Markus, Bartimawas makaho ne, kowa yana ganin bukatarsa a fili, duk da haka Yesu bai taɓa shi ba sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. A sura ta 3 kuma, kafin ya warkar da mai shanyayyen hannu, sai da ya kira shi ya tsaya a tsakiyar jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila iyali suna so ƙafa ta miƙe domin idon mutane, shi kuwa abin da yake roƙo shi ne ya yi barcin dare ɗaya ba ciwon kafaɗa. A ba shi lokaci ya gama maganarsa, ko da za ta ɗauki minti goma. Idan ya ce ba ya so, ba a yi masa dole. Wanda hankalinsa bai kai ya yanke shawara ba, masu kula da shi su zaɓi abin da zai amfane shi, ba abin da zai sauƙaƙa musu kaɗai ba, ko da yake sau da yawa biyun sukan haɗu.

Bayan allura aikin gida yake farawa. Watannin nan uku dama ce: a riƙa miƙe gaɓar a hankali kowace rana yadda fisiyo ya nuna, ba da fizga ba, a sa abin da aka ba da na riƙe hannu ko ƙafa, a gyara zama da kwanciya. Iyalin da suka biya kuɗin allura suka koma suka naɗe hannu, bayan wata 4 za su tarar da gaɓar inda suka bar ta. Yana da kyau a rubuta burin a takarda tun ranar farko, a koma wurin likita bayan mako 4 zuwa 6 a duba ko ya samu. In bai samu ba, a tambayi dalili kafin a sake biya.

A 2009 hukumar Amurka ta sa kamfanoni su buga gargaɗi mai ƙarfi a kan kwalin maganin, cewa yakan iya yaɗuwa daga inda aka yi shi, cikin sa'o'i ko makonni. Ba ya yawan faruwa, amma alamunsa su ne fatar ido ta sauko, gani ya rabu biyu, murya ta canja, jiki duka ya mutu, haɗiya ko numfashi ya yi wuya. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti nan take. Dattawanmu da dama sun riga suna ƙwarewa da ruwa ko abinci, wasu sun sha ciwon huhu, su ne kuwa suka fi shiga haɗari. A faɗa wa likita wannan ko bai tambaya ba. A kuma kai masa dukan magungunan da mutum yake sha, musamman na tsinka jini irin su wafarin, da allurar jentamaisin wadda ake yawan yi a kemis, gama tana ƙara wa gubar ƙarfi.

Kuɗi da lamiri

Maganin yana da tsada, daga waje ake kawo shi, yawancinsa yana bukatar firji, ga shi kuma ana maimaitawa. Ba kowane asibiti yake da shi ba. Mai neman shawara ya fara da sashen jijiya ko na gashin ƙashi a manyan asibitoci, irin su asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, a can za a gaya masa abin da yake samuwa. Kada kowa ya sayi kwalba a kasuwa ko ta intanet ya kai wa mai kemis. Ko a Amurka, a 2024, an kwantar da mutane a asibiti saboda jabun maganin da kuma allurar da marasa izini suka yi musu. In haka ta faru a can, sai mu yi hattara a nan.

Akwai waɗansu hanyoyi. Idan ƙagewar ta game jiki, akan fara da ƙwayar baklofen. Tana sa barci da jiri, ta ƙoda take fita, don haka mai ciwon ƙoda yana iya suma da ita, kuma ba a daina ta rana ɗaya domin hakan yakan kawo farfaɗiya da ruɗewa. Diyazefam, wanda mutanenmu suka fi sani da Valium suna saye ba takarda, jagorar Ingila ta hana ba da shi sai a halin gaggawa. Ga tsoho yana kawo faɗuwa da sabo. Akwai kuma tsohuwar allurar finol ko ta alkohol da ake yi wa jijiyar kanta, musamman wadda take matse cinyoyi. Ta fi araha nesa ba kusa ba, takan kuma daɗe, amma tana bukatar gwanin hannu, wani lokaci takan bar zafi kamar ƙuna. Ruwan ɗumi, miƙe gaɓa kullum, matashin da aka sa tsakanin gwiwoyi, da kujerar da ta dace da jiki, waɗannan ba sa cin kuɗi sosai, amfaninsu kuwa ba kaɗan ba ne.

To, iyalin da ba su da hali, sun yi zunubi? Koyarwar Ikkilisiya a fili take. A 1957 Paparoma Pius na 12 ya bayyana wa likitoci cewa abin da ya wajaba a kan mutum shi ne hanyoyin jiyya na yau da kullum, gwargwadon halinsa da wurinsa da zamaninsa, waɗanda ba su ɗora masa ko waninsa kaya mai nauyin gaske ba. Sanarwar da fadar Batikan ta fitar a 1980 ta ƙara da cewa a auna magani da wahalarsa, da haɗarinsa, da kuɗinsa, a gwada da sakamakon da ake sa rai. Saboda haka ba a bukaci kowa ya sayar da gonar gado ko ya cire yara daga makaranta domin allurar da za ta ƙare cikin wata 4 ba. Wanda ya kasa, lamirinsa ya kwanta. Abin da ba a yafe wa kowa ba shi ne wanka, abinci, juya mai kwanciya, da zama a yi hira da shi. Sakin layi na 2276 na Katekisim ya ce a taimaki marasa lafiya da naƙasassu su yi rayuwa irin ta kowa iyakar iyawa.

Sai dai in ja kunnen wani ɓangare. Akwai masu hali waɗanda sukan ce ciwon gicciyensa ne, ya ɗauka da haƙuri, alhali rowa ce take magana da bakin ibada. Shi wannan Paparoma Pius, a cikin shekarar 1957 ɗin, ya amsa wa likitoci cewa neman sauƙin ciwo bai saɓa wa bangaskiyar Kirista ba. Wasiƙar Yohanna Bulus na Biyu a kan ma'anar shan wahala, ta 1984, da misalin Basamariye mai tausayi ta ƙarasa, mutumin da ya ɗaure rauni ya kuma biya kuɗin masauki. Mai ciwo yana da 'yancin miƙa wahalarsa ga Allah. Mai lafiya ba shi da izinin miƙa wahalar wani a madadinsa domin ya tsira da kuɗinsa. A ganina, idan likita ya tabbatar cewa allura biyu ko uku za su buɗe hannun da yake ruɓewa har fata ta warke, wannan abu ne da dangi, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar St. Vincent de Paul za su iya haɗa hannu a kai, kamar yadda mutum huɗu suka ɗauki shanyayye har suka buɗe rufin ɗaki a Kafarnahum.

Akwai abin da ya rage namu a majami'a. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024, matakalan majami'unmu da yawa kuwa suna nan yadda suke. Buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangaren keke. Masu kai Jikin Kristi gidaje su tambayi iyali ko mutumin yana ƙwarewa, musamman a makonnin da suka biyo bayan allura. Ana iya ba shi ɗan ƙaramin gutsure da ruwa a bayansa, yana zaune a miƙe; idan ko wannan ya gagara, doka ta 925 ta Dokokin Ikkilisiya ta yarda a ba shi Jinin Kristi kaɗai, sai a sanar da Fada ya shirya. Doka ta 919 kuma ta ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya da masu yi musu hidima azumin sa'a ɗaya kafin karɓa. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu ƙwarai yana iya karɓar Shafewar Marasa Lafiya, ba sai yana bakin mutuwa ba.

Muna roƙon katekist na kowace majami'a ya zaga gidaje ya rubuta dattawa masu wannan lalura da ke yankinsa, da wanda yake kula da kowannensu, da ranar da likita ko fisiyo ya duba shi ta ƙarshe, ya kawo wa Fadan da ke kula da shi kafin shigar lokacin Azumi, domin a tsara ziyara da motar da za ta kai waɗanda suke so asibiti.